Da Sauƙin Malam Sha'aban

Kafin Kamaruddeen ya sauko daga kan rumbu, mahaifinsa ya riga ya durƙushe a kan damin geron da yake cicciɓa, hannu biyu dafe da mara. Tarin nan ne da ya bi shi tun ƙarshen damina ya sarƙe shi daidai lokacin da ya yunƙura da damin, sai kawai aka ga dattijo ya naɗe kamar tabarma. Bai yi ƙara ba. Gumi dai ya keto masa, leɓensa ya yi fari fat.

Kamaruddeen ya tsaya a kansa, ya rasa ta inda zai kama shi. Shi ne ɗan fari, kuma a gidansu, gidan Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka rungumi fartanya a wani ƙauye bayan Dawakin Tofa, tsakanin uba da ɗan fari sai dai daga nesa. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin Malam Sha'aban ba. Da yana yaro "wancan" ne, da ya fara koyarwa a firamare a Bagwai ya koma "malamin nan". Ko aike ne, sai uban ya dubi bango ya ce a je a yi kaza. Yau ga shi a ƙasa yana neman agaji, amma da Kamaruddeen ya miƙa hannu sai ya kau da kafaɗa.

Allah ya kawo Mala. Maƙwabcinsu ne, Babarbare, kakansa ya zo daga Borno ya zauna, shi kuma yana da a-kori-kura da yake jigilar hatsi zuwa Dawanau. Da shi da Malam Sha'aban ba a haɗuwa ba a yi tsiya ba, wasan Fulani da Barebari, tun suna samari. Ya zo auna gero ne, ya tarar da wannan. Bai nemi izinin kowa ba ya ɗage rigar dattijon. A ɓangaren dama, ƙasa da cibiya, wani curi ya taso kamar ƙwan agwagwa.

"Ƙaba ce," in ji Mala. "Na sha gaya maka, Fillo, ku don ƙwaryar nono aka yi ku, ba don ɗaukar dami ba. Kwanta in mayar maka da ita."

Ya sa tafin hannu ya danna, ya murza, ya sake dannawa da ƙarfinsa na mai ɗora buhu. Curin bai koma ba. Sai ma ya zama kamar ya ƙara faɗi a ƙarƙashin hannun. Mala ya daina wasan, ya dubi Kamaruddeen ya ce su ɗauke shi, wannan ta fi ƙarfin gida.

A bayan motar suka kwantar da shi. Kamaruddeen ya shirya cinyarsa don a ɗora kan, uban ya lallaɓa ya ɗora a kan buhun wake. Haka suka ratsa gonaki, karan dawa na dukan gefen mota, kowane rami Malam Sha'aban ya runtse ido ya yi shiru.

A ɗakin taimakon gaggawa na asibitin ƙaramar hukuma mai gadi ya ce mutum ɗaya ake bari da mara lafiya. Mala ya ce Kamaruddeen ya shiga, ai shi ne mai boko, shi zai ji yaren likitoci. Ya koma ya zauna a ƙarƙashin dalbejiya kusa da motarsa.

Likitar da ke aiki matashiya ce, Dakta Ramlat, 'yar cikin birni, mai saurin magana da saurin hannu. Tana ɗaura wa dattijon abin awon jini tana jefo tambayoyi. Ya yi amai? Ya yi zazzaɓi? Yaushe rabonsa da bayan gida? Yana shan wani magani? Duk tambayar da ta yi sai ta dubi Kamaruddeen, shi kuma sai ya dubi uban, uban ya dubi silin. Kamaruddeen ya ji kunya ta rufe shi. Mutumin da ya haife shi ne, amma ko ɗaya bai sani ba. A kan maganin ne kawai ya yi ƙarfin hali ya ce yana jin akwai wani maganin jini da yake gani ana sayo masa. Likita ta tambaya ko na hawan jini ne. Ya ce yana jin shi ne. Malam Sha'aban bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ta taɓa curin, ta sa ya yi tari, ta girgiza kai. Ta ce wannan ba ƙaba ba ce, ba nan take fitowa ba, kuma ba ta motsi da tari. Kamaruddeen ya ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, kafin ta ci gaba. Abu biyu take zargi. Ko dai afendis ne ya ruɓe ya tara ruwa a can ciki, wanda in ba a buɗe shi yau ba zai iya fashewa. Ko kuma wata jijiya ce ta tsinke a cikin tsokar ciki saboda tarin, jini ya taru a wurin, wanda shi kuma in aka buɗe an jawo masa masifa. Na'urar sikanin da za ta raba gardama an kai ta gyara Kano. Babban likita yana ɗakin tiyata yana ƙarasa wani aiki, ya ce in akwai mai bukata a shigo da shi kafin a kashe janareta.

Kamaruddeen ya maimaita a zuciyarsa. In an yanka a mutu, in ba a yanka ba a mutu. Ya tambaye ta to wanne ne. Ta ce abin da za ta gwada ke nan yanzu, kuma Baba ne kaɗai zai iya ba ta amsa.

Ta yi wa dattijon bayani a hankali. Za ta danna wurin da yatsa, shi kuma zai ɗaga kansa daga matashi ba tare da ya dafa gado ba. In ciwon a can ciki yake, tsokar za ta ɗaure ta kare shi, zafin ya ragu. In a tsokar yake, zafin zai ƙaru. Ba ta bukatar komai sai ya gaya mata wanne ya ji.

Ta danna. Malam Sha'aban ya ɗaga kai, jijiyoyin wuyansa suka fito raɗa-raɗa. Ya koma ya kwanta.

"Yaya ka ji, Baba?"

"Da sauƙi."

"Baba, ba gaishe ka nake yi ba. Na san mu Hausawa ko ana kan hanyar kai mu makwanci da sauƙi za mu ce. Tambaya ce ta aiki. Zafin ya ragu ko ya ƙaru?"

Idon dattijon ya gilma ta gefen da Kamaruddeen yake tsaye, ya koma silin.

"Ya ragu. Da sauƙi, Alhamdu lillahi."

Ta sake gwadawa, amsar ba ta canja ba. Dakta Ramlat ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon cikin. Ta ce hannunta na gaya mata abu ɗaya, bakinsa na gaya mata wani. Da ya ɗaga kai curin bai ɓace ba, yana nan a ƙarƙashin yatsunta kamar ma ya fi fitowa, kuma bugun zuciyarsa ba ya tafiya a jere, abin da bai yi mata daɗi ba. Amma mai jiki ya ce ya ragu, ga ciwon a daidai mazaunin afendis, ga hawan jininsa na sauka maimakon hawa. Ba za ta zauna tana kallo abu ya fashe a cikin mutum ba. Wata nas ta leƙo ta ce babban likita na tambaya, akwai ko babu. Dakta Ramlat ta juyo ga Kamaruddeen ta ce shi ne babba a nan, in ya amince za su shiga da shi.

Kansa ya ɗaure tam. Ɗazu ƙaba, yanzu afendis, ko jini, ko tsoka. Shi da yake tsayawa gaban yara yana zana hanji a allo, yau ya kasa gane ciki ɗaya. Ya so ya fita ya tambayi Mala, ya tuna Mala ne ya ce ƙaba. Ya so ya tambayi uban, ya tuna ba a yi. Nas ta miƙo masa biro da takardar amincewa. Ya karɓa, ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido da mahaifinsa, sai idonsa ya sauka a ƙarshen gado.

Yatsun ƙafar dattijon a ƙanƙame suke, sun lanƙwashe kamar na mai tafiya a kan garwashi. Hannunsa na hagu, wanda ke ɓoye daga likita ta wancan gefen, ya damƙe ledar katifa har ta yage.

Sai Kamaruddeen ya tuna wata shekara da haƙori ya matsa wa Malam Sha'aban. Yana dawowa daga makaranta ya jiyo shi ta bayan katangar zaure yana nishi yana gaya wa Mala kamar ana buga masa ƙusa a muƙamuƙi. Yana yin sallama nishin ya ɗauke ɗif. Ya gaishe shi da jiki, uban ya dubi bango ya ce da sauƙi.

Biron ya yi masa nauyi. In ya ce Baba bai faɗi gaskiya ba, ya ƙaryata mahaifinsa a gaban baƙuwa, a gaban idonsa. In ya yi shiru, za a tura uban ɗakin tiyata a kan maganar da aka yi don kunya. Ya ajiye biron a kan teburi.

"Likita, ni ne matsalar."

Ta dube shi kamar shi ma yana bukatar gado.

"Ni ne na fari a wurinsa. A bar ni in fita, akwai wani a waje, a shigo da shi a sake gwajin."

Dakta Ramlat ta dubi dattijon da ya juyar da fuska bango, ta dubi ɗan. Sai ta dafe goshi. Ta ce wa nas a gaya wa babban likita ya ɗan ƙara musu haƙuri.

Kamaruddeen ya fita da gudu ya jawo Mala, mai gadi na mita. Shi bai koma ciki ba, ya zagaya baranda ya raɓe a jikin tagar ɗakin, inda labule ya kare shi. Ya ji muryar Mala tun daga ƙofa yana cewa ina Bafillatanin da dami ɗaya ya kayar. Sai ya ji wata murya ƙasa-ƙasa, wadda da ƙyar ya gane ta mahaifinsa ce.

"Ya fita?"

"Ya fita. Sai ka saki jiki ka yi kukanka, ba mai gaya wa shanu."

Likita ta ce a ɗaga kai. Abin da ya biyo baya Kamaruddeen bai taɓa jin irinsa ba. Wani nishi ne mai tsawo, daga can ƙasan ƙirji, ya ƙare da salati. Malam Sha'aban ya ce kamar an soka masa wuƙa mai zafi, ya ninka na kwance, don girman Allah ta ɗauke hannunta. Kamaruddeen ya jingina goshi da bango. Bai san ko murna zai yi ko kuka ba.

Daga nan bakin dattijo ya buɗe. Likita ta koma kan maganar magani, Mala ya riga shi amsawa. Ai ba na hawan jini ba ne. Shi yake ɗaukarsa a gaban mota in zai kai kaya Dawanau, ya wuce da shi babban asibiti a Kano wurin likitan zuciya, don zuciyar tana tsalle-tsalle. Can aka ba shi wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi aka ce na tsinka jini ne, kada ya daskare ya toshe masa jijiya. Suna nan a aljihun 'yar cikinsa, a ƙulle a leda. Kuma an daɗe ba a koma awon da aka ce a riƙa yi ba, saboda aikin gona. Likita ta tambaya me ya sa ɗansa bai sani ba. Malam Sha'aban ya ce shi ya hana a faɗa. In malamin nan ya ji, ajiye aikinsa zai yi ya dawo gida ya tare a kansa, yaran mutane su zauna babu mai koya musu.

Kamaruddeen ya bar jikin tagar. Wannan ba don kunnensa aka yi ta ba.

Can Dakta Ramlat ta fito ta same shi a kan benci. Ta ce an fasa tiyata, babban likita ya zo ya taɓa da kansa ya yarda. Jini ne ya taru, amma ba a cikin cikin ba, a jikin cikin. Kamaruddeen ya dube ta, ta gane ta ƙara dagula masa lissafi. Ta tambaye shi ba a gindin rumbu abin ya faru ba? To ya ɗauka cikin rumbu ne. Hatsin da ke ciki lafiya lau yake, bangon ne ruwa ya shiga. Tarin ya tsinka jijiya a bangon, maganin ya hana jinin tsayawa, sannan wani mai ƙarfin hannu ya zo ya murje wurin. Mala, da ya biyo ta a baya, ya ce shi dai taimako ya yi, kuma ai ba a taɓa jin Babarbare ya kashe Bafillatani da tausa ba. Ta ce saura kaɗan a ji yau.

Ta lissafa masa abin da suka yi. Sun karɓe ƙwayoyin, sun yi masa allurar da za ta karya ƙarfinsu, sun sa masa ƙarin ruwa da maganin zafi, an ɗora ƙanƙara a wurin. Jininsa ya yi ƙasa, yana bukatar ƙarin jini leda ɗaya. In Allah ya sa jijiyar ta rufe, jiki da kansa zai shanye abin da ya taru, a hankali. In kuwa curin ya ci gaba da girma ko bugun zuciyar ya ƙaru, za su tura shi Kano a toshe jijiyar. Abin da take roƙo ɗaya ne. Kada a taɓa wurin. Ba tausa, ba gashi da ruwan zafi, ba tashi zaune. A halin da jininsa yake yanzu, ko aska ce ta ɗan karce shi, tsayar da shi aiki ne.

Kamaruddeen ya bi nas ɗakin gwaji, aka duba jininsa, ya dace da na uban. Yana kwance ana ɗiba ya roƙe ta, in Baba ya tambaya ta ce wani ne ya bayar. Ta yi dariya ta ce ita wannan gida nasu ya ishe ta.

Da ya fito, jiri na ɗan ɗibarsa, ya tuna bai sanar da gida ba. Ya kira Baffa Tahir, yayan mahaifinsa, wanda in ya yi magana a zuri'arsu an gama. Layin na yankewa yana dawowa. Kamaruddeen ya yi ta ƙoƙarin jera bayanin, rumbu da bango da ƙwayoyi, Baffa na cewa me, me. Daga ƙarshe ya ɗaga murya ya ce ba ƙaba ba ce, ba a yi tiyata ba, jini ne ya taru a wuri ɗaya. Baffa ya ce jini ya taru? To ai abin ya zo da dama, Allah ya kyauta. Layin ya yanke. Kamaruddeen ya sa wayar a aljihu yana jin ya sauke nauyi.

Bayan la'asar aka mayar da Malam Sha'aban ɗakin maza, ledar jinin na ɗiga a hankali. Likita ta zana da'ira da biro a kewayen curin don a ga ko zai tsallake ta. Mala ya zauna a gefen gadon yana ɓare gyaɗa, yana leƙa zanen lokaci-lokaci yana ba da rahoto da ƙarfi, don wanda ke zaune a baranda ya ji. Bai tsallake ba. Leɓen ma ya fara yin ja. Kamaruddeen na daga waje, bayansa a jikin bango, yana sauraron mahaifinsa yana nishinsa a sake yana zagin Barebari. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Yana nan zaune wani dogon mutum ya hawo baranda, baƙo, bai taɓa ganinsa ba. Ya sha rawani, a kafaɗarsa wata tsohuwar zabira ta fata, bakin ƙaho biyu sun leƙo daga cikinta. Ya yi sallama ya tambaya ko nan aka kwantar da Malam Sha'aban. Kamaruddeen ya miƙe ya ce nan ne, lafiya?

"Lafiya lau. Wanzami ne ni, Alhaji Tahir ya ɗauko ni. Ya ce jini ya taru wa ƙaninsa, likitoci sun rasa yadda za su fitar da shi." Ya shafa zabirar. "Tsaga kaɗan ne, in kafa ƙaho, mataccen jinin ya fito. Alhajin na mota a bakin ƙofa, ya ce a fito da shi mu tafi gida."

Kamaruddeen ya waiga neman Dakta Ramlat, ya hango wata fuska daban a kujerarta, an canja masu aiki. Daga cikin ɗaki ya ji gadon ƙarfe ya yi ƙara. Malam Sha'aban ya ji sunan yayansa, yana ƙoƙarin tashi zaune.